Na gwada Gravity and Orbits na shafin PhET da 'yata

Duk wanda ɗansa ya taɓa tsare shi da tambayar me ya sa wata ba ya faɗowa, ina ba shi shawara ya shiga shafin PhET ya nemi wasan da ake kira Gravity and Orbits, wato ƙarfin jan da ke tsakanin rana, duniya da wata, da yadda suke zagaye. Jami'ar Colorado da ke Amurka ce ke kula da shafin, kuma Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. A intanet yake buɗewa kai tsaye, ba sai an sauke komai ba.

Abin da ke ciki ba shi da yawa. Baƙin fili ne, ga rana a tsakiya, duniya na kewaya ta. Kana iya sauyawa zuwa duniya da wata, ko duniya da tashar sararin samaniya. Akwai kibau masu nuna inda ake jan abu da inda ya dosa, akwai kuma wurin ƙara wa rana ko duniya nauyi.

Abin da ya fi burge ni maɓalli ɗaya ne, wanda ke kashe ƙarfin jan gaba ɗaya. 'Yata shekararta biyar, kuma na daɗe ina gaya mata cewa duniya tana jan wata, tana gyaɗa kai kawai don ta faranta mini. Da muka buɗe duniya da wata, na bar ta ta kalli watan yana zagaye, layin hanyarsa na bin bayansa, sannan na ce, "Danna nan mu gani." Tana dannawa watan ya saki hanyarsa ya miƙe sambal har ya fice daga allon, kamar dutsen da ya kuɓuce daga majaujawa. Ta juyo da ido waje: "Baba, ya gudu!" Muka mayar da shi farko, ta sake kashewa, ta sake, har ta ce da bakinta, "Ashe duniya ce take riƙe da shi." Wannan shi ne abin da masanin kimiyya Isaac Newton ya bayyana a 1687, cewa ƙarfin da ke kayar da kofi ƙasa shi ne ke riƙe da wata a hanyarsa. Ba na jin zan iya sa mata wannan a kai da baki kaɗai.

Ɓangaren tashar sararin samaniya ma ya yi mini amfani. Yara suna ganin 'yan sama jannati na shawagi a bidiyo, sai su ɗauka can babu jan duniya. Alhali tashar nisanta wajen kilomita 400 ne kawai, kuma jan da ke wurin ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a ƙasa. Faɗowa take yi kullum, amma gudun da take yi ta gefe ya sa ba ta iske ƙasa, sai dai ta zagaye duniya cikin kimanin minti 90. A allon, kibiyar jan tana nan daram tana nuna duniya, yaro yana gani da idonsa.

Sai dai kada a fara da shi. Wasan zagaye yake koyarwa, don haka yaro ya fara sakin abubuwa da hannunsa tukuna. A ba shi ƙwallo da cokali ya sake su tare, sannan takarda a shimfiɗe da wata takardar a dunƙule, ya ga yadda iska ke tare ta farkon. Mu daga nan muka kalli bidiyon ɗan sama jannati David Scott na tafiyar Apollo 15 zuwa wata a 1971, inda ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata suka sauka lokaci guda, saboda can babu iska.

Kuma ka zauna kusa da yaron, wasan ba abin da za a miƙa wa ɗan shekara biyar a tafi ba ne. Ka kashe kibau da farko, ka bar layin hanya kawai. Allo na biyu, mai nuna ainihin girma da nisa, duniya ƙanƙanuwa take zama a cikinsa, wannan ka ajiye shi sai yaro ya ƙara wayo. A kwamfuta ko babbar waya ya fi daɗi, don ƙananan yatsu su samu wurin dannawa.