Layin intanet na shago: me za ka ja, daga modem ɗin da zuwa fayiba

Ƙanina zai buɗe shagon kwamfuta a Kawo, ya zo yana tambayata wane layin intanet zai ja. Na ce masa ya samu wuri ya zauna tukuna, don ni na sha wuya a kan wannan magana.

Na fara sana'ar nan tun ana jona kwamfuta da layin tarho na NITEL. Modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin, ya yi ta ƙugi kafin ya kama, wani ya ɗaga kan tarho layi ya katse. Iyakar gudunsa kilobit 56 a daƙiƙa, shi ma da wuya ka samu cikakke. Bit takwas ne ke yin bayit ɗaya, wato kilobayit 7 ke nan. Hoto guda na wayar yanzu mai megabayit 5 sai ya ci kusan minti 12 kafin ya sauka. Manyan ofisoshi masu hali kuwa layin E1 suke ja, mai megabit 2.048 a daƙiƙa. E1 ya ninka modem sau 36, hoton nan cikin daƙiƙa 20 ya iso. Amma ba yawan lambar ce kaɗai ta ba shi daraja ba. Layin naka ne kai kaɗai, ba a raba shi da kowa, kuma gudun ɗorawa, wato aika abu zuwa intanet, daidai yake da na saukewa. Da waɗannan abubuwa biyu nake auna kowane layi har yau.

Modem ɗin tarho ya zama tarihi. MiFi, ɗan akwatin intanet na aljihu mai amfani da SIM, na mutum ɗaya ne da wayarsa, ba na shago ba. Rautar 4G, akwatin da ke kamo sabis ya raba wa kwamfutoci, ba laifi da safe, amma bayan magariba, idan unguwa ta hau sabis, sai ta riƙa jan ƙafa. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a 2023, yana da gudu, sai dai kayansa da tsada, yana shan wuta, kuma ruwan sama mai ƙarfi irin na Agustan Kaduna yana taɓa shi. Na mutumin da ke bayan gari ne, inda wayar fayiba ba ta kai ba.

Ni dai fayiba nake so, ba na ɓoyewa. Zare ne na gilashi, siririn gaske, haske ke bi ta cikinsa da saƙo, saboda haka hadari bai dame shi ba, cunkoson turken sabis ma bai shafe shi ba. A shagona da ke Tudun Wada kwamfuta shida ke kan layi mai megabit 20, hoton da modem ke yi wa minti 12 yanzu daƙiƙa biyu ne. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗorawa. Ka sikana takardun yaro, ka danna, kafin ka juyo ka karɓi kuɗi sun tafi. Ɗan akwatin da ake kafa maka a bango ba ya cin wuta sosai, ƙaramin batir ya riƙe shi idan an ɗauke. Aibinsa ɗaya, masu haƙa kwalbati ko gyaran titi sukan tsinke wayar. Don haka ka tambayi kamfani kwana nawa suke ɗauka kafin su gyara, ka kuma ajiye MiFi a durowa saboda irin wannan rana.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Wani ya zo ya kafa mini farantin kamo intanet a kan dogon ƙarfe, ya ce mega 20 ne. Ya gwada a gabana da ƙarfe tara na safe, lamba ta hau, na biya wata uku. Ranar ƙarshe ta cike wani fom ɗin neman aiki, mutane sun cika shago har baranda. Wata baiwar Allah ta taso daga Rigachikun da ɗanta, tun azahar hoton fasfo ɗinsa ke juyawa a allo ya ƙi hawa. Ta ce, "Malam, ko mu je wani wuri?" Na mayar mata da kuɗinta ina jin kunya. Daga baya na gano layi ɗaya ya saya ya rarraba mana, shaguna fiye da goma.

Saboda haka idan ka ji an ce "har zuwa mega kaza", ka sani ba alkawari aka yi maka ba. Ka tambaya ƙarara: nawa ne ni kaɗai, ko rabawa ake yi? Nawa ne gudun ɗorawa? A rubuta a takarda, a sa hannu. Ka lura da harafi ma: Mbps da ƙaramin b megabit ne, MB da babba megabayit ne, tsakaninsu ninki takwas, kuma wasu dillalai da gangan suke cakuɗa su. Wanda ya ce datarsa ba ta da iyaka, tambaye shi bayan gigabayit nawa ake rage gudu. Akwai kuma masu sayar da tsohuwar rauta a sabon kwali, ka duba lambar jikinta ta dace da ta kwalin. Gwaji kuwa kada ka yarda a yi shi a wayar mai sayarwa. Ka buɗe Speedtest, shafin auna gudun intanet, a kwamfutarka da ƙarfe takwas na dare, kwana uku a jere.

Ƙanina na ce masa ya fara bincika ko fayiba ta iso layinsu a Kawo, kuma ko ta iso, wata ɗaya kawai zai biya a karon farko.