Kafin ka sayi abin ɗumama 'yan tsaki: faranti, jan ƙwan lantarki, gas ko gawayi?

Ɗan tsako fa ba ya riƙe zafin jikinsa kamar yadda uwarsa ke yi, kuma duk wanda bai gane wannan ba zai sayi abin da bai dace ba. Babbar kaza zafin jikinta na zama wajen digiri 41 a ma'aunin Celsius, in sanyi ya taso sai ta kumbura gashi ta tare iska a ciki, in ya ƙara yawa tsokar jikinta ta kama karkarwa, wannan karkarwar ita ke haifar da zafi. Ɗan rago da ɗan akuya ma ana haihuwarsu da wani kitse mai ruwan ƙasa da yake ƙonewa ya ba su ɗumi kai tsaye ba sai sun yi karkarwa ba. Tsuntsu ba shi da wannan kitsen sam. Toh ɗan tsako ga jiki ƙarami ga gashi ɗan yaushi-yaushi, cikin sati biyun farko in ƙasa ta yi sanyi shi ma sanyi yake yi, ya daina cin abinci, ɗan ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma ya ƙare wajen neman ɗumi. Shi ya sa a satin farko ake so wurin kwanansu ya kai digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar 3 duk sati har gashi ya cika a sati na biyar ko shida.

Ni dai farantin ɗumi nake so, ba na ɓoyewa. Wani faifai ne na lantarki mai ƙafa huɗu, ƙasansa ke yin ɗumi, 'yan tsakin su shige su manna bayansu a jiki. Ka lura da kaza mai 'ya'ya, ai ba ɗaki take ɗumamawa ba, jikinta take ba su, su shiga ƙarƙashinta su ji ɗumi su fito su yi tsince-tsince, sanyi ya taɓa su su koma. Haka farantin yake aiki, ɗan tsako shi ke zaɓar lokacin da yake son zafi da lokacin da ya ishe shi. Ba haske, saboda haka dare ya yi su yi barci tsit, ba su kwana suna saran juna ba. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙananan wat 20 zuwa 60 ne, alhali jan ƙwai, wato jan ƙwan lantarki mai ba da zafi, wat 250 yake sha. Ka nemi wanda kowace ƙafa ake ɗaga ta daban, ka sa gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo yadda manya da ƙanana kowa zai samu daidai bayansa, kuma mai murfi a sama dan wallahi suna fara tsalle za su maida saman wurin kashi. Matsalarsa biyu, yana da iyakar adadin da zai ɗauka, sannan in ɗakin ya yi sanyi sosai ƙasa da digiri 10 shi kaɗai ba zai wadatar ba.

Na gas yana da kyau amma na masu ɗaruruwa ne zuwa dubbai. Gawayi zafinsa hawa da sauka yake, ga iska mai guba marar wari da yake fitarwa a rufaffen ɗaki, ta kashe tsaki ta kuma illata mai shiga duba su. Fitilar kananzir kar ma ka fara.

Jan ƙwai shi ne inda ha'inci ya yi katutu, kuma nan ne aka taɓa cuta ta. Wani mai kaya ya ba ni ƙwai a kwali mai kyau an rubuta wat 250, ashe ƙwan gida ne aka shafa wa jan fenti, da ya ɗau zafi fentin ya fara wari yana ɓarewa, da asuba na tarar da 'yan tsakin sun hau kan juna a kusurwa, na ƙasan sun mutu. Tun daga nan duk abin da zan saya sai an kunna a gabana. Ka kankare gilashin da farce, na gaske jan ba ya fita da farce. Akwai kuma jan LED da ake sayarwa da sunan na ɗumi, haske ne kawai ba zafi, ka sa hannu a ƙasa minti ɗaya za ka gane. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwan da aka rubuta ba ya fashewa, wasunsu an lulluɓe su da Teflon, wato sinadarin da ake shafa wa kasko dan kar abinci ya kama, in ya yi zafi yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsaye cikin ɗan lokaci, dan Allah ka karanta kwalin. Holdar jan ƙwan, wato inda ake ɗaura shi, ta zama ta tangaran, ta roba narkewa take, kuma a rataye da sarƙa ba da wayar wutar ba, dan in ya faɗo kan garin katako gobara ce. Digon ruwa ɗaya ma ya taɓa gilashin da zafinsa yana iya tarwatsewa.

Farantin shi ma akwai jabunsa, wayar siririya, gefe ɗaya zafi zau ɗaya sanyi ƙalau. Bar shi a kunne rabin awa ka shafa ko'ina, ya kamata ka iya ajiye tafin hannunka na ɗan lokaci bai ƙona ka ba. Wanda ya ƙi yarda a gwada, bar masa kayansa.

Duk wanda ka saya, daren farko ka leƙa. In sun cure wuri ɗaya suna kuka da ƙarfi sanyi ne, in sun gudu gefe baki a buɗe suna haki zafi ya yi yawa tunda kaji ba sa gumi, in duk sun koma ɓangare ɗaya iska ce ke shigowa ta wata kafa. Ɗauki guda ka ɗora ƙafarsa a kumatunka, in ka ji ta da sanyi ka sauke farantin ƙasa kaɗan ko ka ƙara shimfiɗa.