Sharhi a kan manhajar Sefaria: Ibraniyawa da Ebiyonawa

Gardama ce ta kai ni Sefaria. Wani abokin karatuna ya kafe a kan cewa sunan Ebiyonawa, tsohuwar ɗariƙar nan ta Yahudawa, daga kalmar "Ibrani" ya fito, tun da a kunne sun yi kama. Sefaria rumbun littattafan Yahudawa ne na kyauta, akwai shi a intanet da kuma manhajar waya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙamusoshinsa. Ka taɓa kalma a cikin aya, sai fassararta ta fito a gefe daga ƙamus na Ibrananci zuwa Turanci irin na BDB na 1906 ko na Jastrow na 1903. Na buɗe Farawa (littafin farko na Attaura) 14:13, inda aka kira Annabi Ibrahim "ha-Ivri". Tushen kalmar ainun ne da ba da ra, ma'anarsa ƙetarewa, daidai da "abara" a Larabci. Bereshit Rabba, tsohon tafsirin malaman Yahudawa wanda ke liƙe da ayar, ya kawo ra'ayoyi: zuriyar Eber (ɗaya daga cikin kakannin Annabi Ibrahim), ko mutumin ƙetaren kogi, ko wanda ya tsaya gefe guda duniya duka tana ɗaya gefen.

"Evyon" kuwa, wanda sunan Ebiyonawa ya fito daga gare shi, da alif ya fara, kuma matalauci yake nufi, kamar a Maimaitawar Shari'a 15:11. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san ba a haɗa ainun da alif. Ebiyonawa, wato "matalauta", Yahudawa ne da suka bi Annabi Isa a matsayin Almasihu kuma ɗan Adam, suka riƙe Attaura, suka ƙi Bulus, manzon Kiristanci. Irenaeus, wani malamin Kirista, ya ambace su wajen shekara ta 180. Ina ganin ruɗanin ya samo asali ne daga Epiphanius, wani malamin Kirista na ƙarni na 4, wanda ya ce suna kiran linjilarsu "ta Ibraniyawa".

Wannan tarihin a wasu littattafai na samo shi, domin ƙarfin Sefaria yana kan Tanak (littattafai masu tsarki na Yahudawa) da Talmud (kundin fiƙihunsu) da tafsirai ne. Sai mai jin Turanci, wanda kuma ya ɗan saba da baƙaƙen Ibrananci, zai more shi sosai. Ɗalibin Larabci zai kama hanya da wuri, don tushen kalmomin harsunan biyu 'yan uwan juna ne. Don binciken asalin kalma, ina ba da shawarar a gwada shi.