Gargaɗi ga masu gini a Damagaram: ana sayar da tiyon jan ƙarfe na jabu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk mai gini a hannu, ko mai shirin sa kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ko tukunyar ruwan zafi a gidansa, ya karanta wannan kafin ya fitar da kuɗinsa.

Akwai wani mutum da ke bin wuraren gini da mota, yana kuma tallata kayansa a zaurukan WhatsApp. Cewa yake ragowar wani babban aiki ne aka bar masa, shi ya sa yake karya farashi har kusan rabin na kanti. Zai miƙo maka guntun tiyo mai kyau, ja sosai, mai nauyi, ka jujjuya a hannu ka gamsu. Guntun nan na gaske ne. Naɗin da zai sauke maka daga mota kuwa wani abu ne daban. Ba ya ba da takardar saye, kuma kullum sauri yake, wai wani Alhaji na jiran kayan.

Gidan ƙanwata aka yi wa haka. Da mai aikin pampo ya kunna wuta zai haɗa gaɓa, sai bakin tiyon ya zube kamar kitse a kasko. Ya yanka tsakiyar naɗin, ya kira maigidan ya ce: "Yaya, zo ka gani da idonka." Cikin fari fat. Alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam na narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1,080. Allah ya taimake su ba a riga an binne shi a bango ba.

Jabun iri uku ne. Akwai wannan na alminiyam, wanda a tiyon kilim ma sukan sa jan ƙarfe na gaske a bakuna biyu, su ɓoye sauran cikin baƙin soson da ke lulluɓe shi. Akwai baƙin ƙarfe da aka wanke da ruwan jan ƙarfe. Wannan maganaɗisu na kama shi nan take, alhali ba ya kama jan ƙarfe ko kaɗan. Na uku shi ya fi ba ni tsoro, domin jan ƙarfe ne na gaske, sai dai an rage masa kauri, kuma ido ba ya ganewa.

A nan sanin awo ke ceton mutum. In aka ce tiyo 12/14, ana nufin faɗin ramin milimita 12 ne, na waje 14, wato kaurin bangonsa milimita 1 cif. Haka 10/12, 14/16 da 20/22. Wurin wanke hannu da masai 10/12 ya ishe su, shawa da wurin wanke-wanke 12/14, babban layin da ke raba ruwa a gida kuma ya fi su girma. Tunda kaurin sananne ne, nauyin ma sananne ne: mita ɗaya na 10/12 wajen giram 300 yake yi, na 12/14 wajen 360, na 14/16 wajen 420. Ka auna tsawon naɗin, ka ɗora shi kan kilo, ka yi lissafi. In ya gaza da yawa, an cuce ka. Alminiyam ma bai kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jan ƙarfe ba, hannu kaɗai na iya faɗa maka.

Tiyon ruwa na ƙwarai yana ɗauke da rubutu a jikinsa jefi-jefi: sunan kamfani, awo, da lambar ƙa'idar inganci ta Turai, EN 1057. Na kilim daban ne, da inci ake kiransa, 1/4, 3/8, 1/2, kada a haɗa maka su a ce duk ɗaya ne. Amma rubutu ma ana bugawa, don haka ban yarda da shi shi kaɗai ba.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne halin ruwanmu. Kowa ya san yadda pampo ke ɗaukewa a garin nan, daga Birni har Garin Malam, ya dawo cikin dare da iska da ƙarfi yana bugun tiyo. Siririn tiyo a lanƙwasa yake fara tsagewa, kuma a cikin bango, bayan an yi shafe an manna karo, wato tayil. Ruwan da muke tara da ƙyar ya tsiyaye a siminti, ga fasa bango, ga sabon kuɗin aiki.

Ku tafi sayayya tare da mai aikinku. Ku sa a yanka naɗin da za ku ɗauka, a tsakiya, ba samfurin hannun mai kaya ba, ku kankare da wuƙa ku ga launin ciki. Kada ku tura kuɗi ta waya kan hoto. Ku saya a kanti mai mazauni, a Kasuwar Dole ko wani wuri, inda za a rubuta muku awo a takarda kuma ku iya komawa gobe. Wanda ya riga ya saya daga mutumin nan, ya dakatar da aikin, ya ajiye kayan da saƙonnin wayar, ya kai ƙara wurin ƴan sanda.