Na biya kuɗin dakon jaka a West Highland Way, ga yadda ta kaya

Tun ranar da na saka hotonmu a garin Fort William na ƙasar Sikotlan mutane ke ta tambaya ta inbok wai da gaske kilomita 154 muka taka a ƙafa, kuma da wannan uwar jakar a baya? Takawa kam mun taka, kwana bakwai cur daga Milngavie har Fort William, amma jakar ba ni na ɗauke ta ba, kamfani na biya suka yi min dakonta, kuma maganarsu zan yi yau don na san akwai 'yan uwa masu karatu a Gilasgo da Edinbura da ke son gwadawa kafin su koma gida.

Hanyar dai ba sabuwa ba ce, tun 1980 aka buɗe ta, ita ce ta farko a Sikotlan cikin irin dogayen hanyoyin nan na masu tafiyar ƙasa. Daga Gilasgo jirgin ƙasa za ka hau, ba ka kai minti talatin ba ka isa Milngavie, kuma don Allah kar ka karanta sunan yadda aka rubuta shi a gaban mutanen wurin, Mulgai suke cewa, ni sai da na sha dariya a tashar jirgi kafin na gane.

Yadda aikin dakon yake, ka turo musu jerin wuraren da za ka kwana tun kafin ka tashi, su ba ka ɗan kati ka ɗaura wa jakar, kullum da safe kafin ƙarfe tara ka ajiye ta inda masaukin ya nuna maka ka kama gabanka da 'yar ƙaramar jakar goyo mai ruwan sha da rigar ruwa da abin taɓawa. Motarsu ta zo ta kwashe, da yamma ka tarar da kayanka a masauki na gaba. Jaka ɗaya kar ta wuce kilo 20, kuma suna nufin hakan, ba irin motar tasha ba ce da za ka lallaɓa kwandasta. Kuɗin duk tafiyar bai kai fam 100 ba.

Abokin tafiyata Bazazzagi ne, to kun san hali. Da na ce masa mu biya sai ya dube ni ya ce "Haba Malam, mu da muka ɗauki buhun masara daga gona za mu ba Bature kuɗi ya ɗaukar mana jaka? Ku Kanawa ba ku da aiki sai ɓarnar kuɗi." Na ce to Allah ya ba da sa'a. Mutumina ya cusa komai a jakarsa, har da garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da robar yaji, ya saɓa a baya yana taƙama.

Rana ta farko zuwa Drymen kilomita 19 ce kuma shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya yi ta min tsiya har muka isa. Rana ta biyu muka hau Conic Hill, tsayinsa mita 361 ne kawai, daga sama kana hango tafkin Loch Lomond da tsibiransa a jere kamar an shirya su da hannu, wallahi wurin ya yi kyau, amma saukowa zuwa Balmaha ita ta fara karya masa gwiwa. Kafin mu kai Rowardennan ya daina magana kwata-kwata, sai nishi. Da daddare yana manna filasta a kafaɗa inda igiyar jakar ta ci shi ya ce a hankali, "Mutumina, wai mutanen nan naka suna karɓar kaya daga tsakiyar hanya?" Na ce au, ina buhun masarar? Na tura musu saƙo a daren, suka amsa da wuri, suka ce ya biya ta intanet ya ajiye jakarsa kusa da tawa. A nan kam na yaba musu, babu ja-in-ja, babu ƙarin kuɗi na zalunci don sun ga ya matsu.

Sai ga shi ranar da ya fara biya ita ce ranar da suka kunyata ni. Rana ta uku, Rowardennan zuwa Inverarnan, ita ce mafi wuya a duk tafiyar ko da a takarda kilomita 22 da ɗoriya ce kawai. Bayan Inversnaid hanyar ta zama duwatsu da saiwoyin itatuwa a bakin tafki, wani wurin sai ka dafa da hannu, ga ruwan sama tun hantsi bai ɗauke ba, takalmina ya cika da ruwa yana ƙara duk taku. Muka isa wajen ƙarfe shida jiƙe sharkaf, babu jaka. Busasshen kaya, safa, caja, sallaya, duk suna ciki. Na kira lambarsu sau huɗu ba a ɗauka ba. Muna tsaye a bakin ƙofa ruwan ya tsagaita, iska ta kwanta, sai ga ƙwarin nan da suke kira mijis. Sun fi sauro ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ka jin kukansu, sai dai ka ga kamar hayaƙi ya rufe maka fuska, su shiga kunne su shiga gashin gira. Ragar fuskar da na saya dominsu kuwa tana cikin jakar da ba ta iso ba, wannan kam wautata ce. Bazazzagi yana susa yana cewa "Wannan ne aikin da ka yi ta yabo?"

Sai wajen takwas motar ta iso. Direban ya ba da haƙuri ya yi mana bayani, kuma da na duba taswira na ga gaskiyarsa, titin mota na gabashin tafkin a Rowardennan ya ƙare, dole ya koma baya ta Balmaha ya zagayo ƙasan tafkin ya hau titin A82 ta yamma, shi kuma siririn titi ne mai kwana-kwana, abu kaɗan ya faru sai kowa ya tsaya. Latti ban riƙe su da shi ba. Abin da ya ɓata min rai rashin ɗaga waya, saƙo ɗaya na "muna hanya" da ya wadatar. Tun daga ranar na koyi saka safa ɗaya da riga ɗaya cikin leda a 'yar jakar goyona.

Sauran kwana huɗun ba su sake makara ba ko sau ɗaya. Inda na fi gode wa Allah da ban ɗauki kaya ba shi ne ranar Tyndrum zuwa Kingshouse, kusan kilomita 30, ta cikin Rannoch Moor, wani fili ne fetal na fadama babu gida babu bishiyar fakewa, kuma hanyar tsohuwa ce da aka daɓe da duwatsu, tafin ƙafa ke jin jiki. A nan muka tsaya muka haɗa azahar da la'asar kasaru a kan rigar ruwa, muka jiƙa gari da sukari da ƙuli-ƙuli, wata tsohuwa 'yar Jamus da ke wucewa ta tsaya tana tambayar ko mene ne, ya ba ta ta ɗanɗana ta ce kamar yashi mai zaƙi. Washegari Devil's Staircase, wato matakalar Shaiɗan, mita 550, wuri mafi tsayi a hanyar, sunan ya fi shi ban tsoro, gangarowa Kinlochleven ce ta fi cin rai.

Ga wanda zai kwana a tanti ya tambaye su tun farko inda za su ajiye masa jaka, don ba sa kai kaya daji, sai wurin da ke da adireshi da wanda zai karɓa. Kuma kar ka sa kwamfuta ko abu mai saurin karyewa a ciki, jifa suke da jakunkunan, robar yajin mutumina ta buɗe a hanya duk kayansa suka koma ƙanshin tsire har muka gama.

Rana ta ƙarshe da muka hango dutsen Ben Nevis da ke kusa da Fort William ya fara murna wai mun iso, na ce masa hangen Dala ba shiga birni ba, kuma haka aka yi, sai da muka ƙara taka wajen awa biyu, ƙarshenta ma kan kwalta cikin gari da ƙafa duk bororo. A dandalin Gordon Square akwai gunkin wani mutum zaune a benci ya riƙe ƙafarsa mai ciwo, nan ne ƙarshen hanyar. Muka zauna gefensa ɗaya a dama ɗaya a hagu muka cire takalma, jakunkunanmu kuwa tun azahar suna masauki suna jiranmu. Cikin biyar na ba su huɗu, ɗayan na cire saboda wayar da ba su ɗaga ba. Bazazzagi ya ce shi uku zai ba su, kuma har yau yana bina bashin rabin kuɗin dakonsa wai ni na ja shi.