Parlodel da Dostinex: yadda kowanne ya yi da ni a maganin furolaktin

Duk wadda ta tambaye ni wanne ya fi tsakanin Parlodel da Dostinex, Dostinex nake ce mata, sai dai ta shirya aljihunta. Duka biyun magungunan rage sinadarin furolaktin ne a jiki, kuma na sha su ɗaya bayan ɗaya, a hannun lokotoron mata a nan Damagaram.

Abin da ya kai ni wurinsa, al'adata ce ta ɗauke, ga ruwan nono na ɗiga alhali na daɗe da yaye autana. Gwajin ciki ya nuna babu. A gida kuwa an riga an yanke hukunci, wai ciki ne ya kwanta. Uwar mijina, Allah ya saka mata, ta ce: "Ɗiyata, bar wahal da kanki, ranar da Allah ya tashe shi zai tashi." Lokotoro bai musa wa kowa ba, analiz biyu kawai ya rubuta, na furolaktin da na TSH, wato na duba aikin tiroyid ta wuya.

Furolaktin sinadari ne da ke fitowa daga wata ƴar halitta da ba ta fi ƙwayar wake ba, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda lokotoro ke kira ipofiz. Shi ke kawo wa mai jego nono. In ya yi yawa ba ciki ba goyo, sai jiki ya ɗauka shayarwa ake yi, ya hana ƙwai fita, al'ada ta tsaya. Ga mace irina bai kamata ya wuce wajen 25 ng/ml ba, nawa ya ninka haka. Kafin ya rubuta komai sai da ya bi magungunan da nake sha ɗaya-ɗaya, domin Primpéran da Motilium na amai, da Haldol na taɓin hankali, duk suna ɗaga shi, haka ma tiroyid ta wuya in ta yi sanyin aiki. Ni hoton kai na IRM ne ya nuna ƙari a ipofiz, bai kai milimita 10 ba, kuma ba ciwon daji ba ne.

Parlodel aka fara ba ni, wato bromocriptine, ƙwayar 2,5 mg, kullum, a tsakiyar cin abinci. Ya yi aiki, nono ya ragu. Amma na ji jiki! Hanci a toshe kamar mai mura, ƙanshin daddawa a miya ya isa ya tayar mini da zuciya. Jiri ne ya fi komai: in na ɗago daga sujada zan miƙe, sai idona ya rufe, dole na koma salla a zaune. Maganin na saukar da jini in mutum ya tashi tsaye farat ɗaya, ga zafin Afrilu na ƙara masa ƙarfi. Lokotoro ya ce wasu jikinsu na sabawa. Nawa bai saba ba.

Sai ya mayar da ni kan Dostinex, wanda aka rubuta cabergoline a kwalinsa. Ƴar ƙwaya ce fara, 0,5 mg, da tsaga a tsakiya, cikin ƴar kwalba mai abin tsotse danshi wanda ba a cirewa. Rabi nake sha, sau biyu a mako. Na zaɓi Litinin da Alhamis, ita Alhamis ranar kasuwar Dole ce, ba ta ɓace mini. Da dare nake sha, bayan tuwo, in kwanta. Raba ta da farce ɓarna ce, sai ta marmashe, ga ta da tsada. Sabuwar reza a kan faranti ta fi. Farkon sha na ɗan ji jiri da nauyin kai da safe, daga baya shiru. Nono ya ƙafe, al'ada ta dawo, analiz na gaba ya nuna furolaktin ya sauka inda ake so.

Aibinsa kuɗi da samuwa. Kwalbar ƙwaya biyu ce ko takwas, kuma akwai ranar da na hau kabu-kabu daga wannan farmasi zuwa waccan ana ce mini ya ƙare. Wani ya ba mijina shawara a aika Kano a sayo a kasuwa, ya fi araha. Ban yarda ba, maganin da ba a gane ingancinsa sai an zubar da kuɗin analiz ba na tebur ba ne. Wanda wasu kamfanoni ke yi da sunan cabergoline, in dai daga farmasi ya fito da takardar lokotoro, shi ne sauƙin da na samu.

Gargaɗi biyu ya yi mini. Ciki na iya shiga tun kafin al'ada ta dawo, don haka da na ga alama in yi gwaji in zo, kada in ci gaba da sha da kaina. Na biyun mijina ya faɗa wa: "Malam, in ka ga ta shiga sayayya ba kai ba gindi, ka sanar da ni." Dariya muka yi, ashe da gaske ne, wasu ƙalilan maganin na sa su ɓarnar kuɗi ko caca.

Da labari ya bazu a unguwa, wata maƙwabciyata da ta daɗe tana neman haihuwa ta zo: "Yaya, don Allah ko rabi ki san mini." Na hana ta, ta ji haushi. In furolaktin ɗinta daidai yake, ba abin da zai ƙara mata sai jiri. Maza ma na samun wannan larura, su ta rashin ƙarfi da raguwar sha'awa take zo musu, kuma maganin ɗaya ne.

Ni dai har yanzu ina sha. Lokotoro ya ce ba za a yi zancen dainawa ba sai furolaktin ya zauna daidai kamar shekara 2, an kuma sake hoton kai an ga yadda ƙarin ya koma.