Tabon da ya ƙi fita a tsohuwar randar tangaran: me za ka saya, me za ka bari a kanti?

Kafin ka sa hannu a aljihu, zauna ka ƙare wa tabon kallo tukuna. Yawancin ɓarnar da ake yi wa tsofaffin randunan tangaran, irin waɗanda Turawa suka riƙa adana abinci a ciki kafin zuwan firji, a wajen wanki ake yin ta. Randa ta shekara ɗari da ɗoriya lafiya lau, sai a wayi gari an lalata ta da abin da aka sayo don gyara ta.

Ana gasa irin waɗannan randuna a zafin da ya kai digiri 1200 zuwa 1300 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa jikinsu ba ya shan ruwa sosai. Sheƙin bayansu kuwa da gishiri ake samar da shi. Idan wuta ta kai maƙura sai a watsa gishiri cikin tanderu, tururinsa ya haɗu da yashin da ke cikin yumɓun ya zama siririn gilashi mai ɗan gurzau-gurzau kamar ɓawon lemo. A yankin kogin Rayin na Jamus wannan dabara ta yi ƙarfi tun ƙarni na 15. Daga baya farin sheƙin da aka ƙirƙiro a Biristol ta Ingila a 1835 ya mamaye kasuwa, har kamfanoni irin su Red Wing na jihar Minesota a Amurka, wanda aka kafa a 1877, suka koma gare shi. Wannan farin shi ya fi tona asirin tabo, kuma masu shi su suka fi garajen wanki.

To amma ba duk abin da ya yi duhu ba ne tabo. Shuɗin zanen fure ko tsuntsu da kake gani sinadarin kobalt ne da aka gasa tare da randar. Haka ɗigon nan mai ƙyalli da ya zubo daga rufin tanderu, da ƙunar wuta, da sawun inda wata randar ta jingina da ita lokacin gashi. Sa farce ka shafa: in ka ji santsinsa ɗaya da na sauran jikin, da shi aka haife ta, babu maganin da zai fitar da shi, masu tara kayan tarihi ma so suke su gan shi.

Sayayyar farko ba ta wuce sabulun wanke-wanke na ruwa da buroshin roba mai laushi ba. Shimfiɗa tawul a gindin baho don kada randar ta bugu, ka jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, domin canjin zafi na farat ɗaya yana buɗe tsohuwar tsaga. In da sauran dauɗa, kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ka murza da yatsa. Soson ƙarfe kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa: yana barin zane mai launin toka, ɓurɓushinsa kuma ya maƙale a ramukan sheƙin ya koma tsatsa.

Farin ɓawon da ruwa mai gauri yake bari a ciki, musamman in an taɓa shuka fure a randar, ruwan khal ne maganinsa. Wanda ake sayarwa mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ya wadatar. Jiƙa tsumma ka liƙa a wurin na 'yan sa'o'i, ka kankare da tsinken itace.

Inda gizo ke saƙar shi ne tabon maiƙo. Shi ba a saman sheƙin yake ba. Kitse da ruwan tsami na shekara da shekaru sun bi ta ƙananan tsagogin sheƙin, waɗanda wani lokaci sai ka karkata randar ga haske kake ganinsu, suka shige ƙarƙashi suka yi launin ruwan ƙasa. Ko hannunka zai gaji da gurza ba za ka taɓa shi ba. Abin da zai bi shi har inda yake kake nema, kuma abu uku ne ke gabanka.

Na farko, haidurojin feroksaid. Na kemis mai kashi 3 cikin ɗari yana aiki a tabo mai sauƙi, sai dai akwai nawa. Wanda ake sayarwa a shagunan kayan gyaran gashi mai kashi 12, wanda ake rubuta lamba 40 a jikin robarsa, shi ne zaɓina. Nemi na ruwa garau, ka bar mai kaurin nan, don an cakuɗa masa wasu abubuwa da ba ka bukata. Mai kashi 35 kuma ba na gida ba ne, haɗarinsa ya fi amfaninsa. Ko mai kashi 12 ɗin ma in ya ɗiga a fata nan take za ta yi fari ta hau zafi, saboda haka haɗa da safar hannu da tabarau a lissafinka. Ƙaramar randa a nutsa ta cikin mazubin roba. Babba kuwa a jiƙa auduga a manna a kan tabon, a naɗe da leda don kada ya bushe, a ajiye a wuri mai duhu tunda haske yana kashe ƙarfinsa. Kada a toshe murfin mazubin gam, iska yake fitarwa. Aikin na iya ɗaukar makonni, ana sabunta audugar. Abin da ya sa na fifita shi: idan ya gama aiki ruwa da iskar oksijin yake komawa, ba ya barin komai a jikin yumɓun. Illarsa ɗaya, in randar tana da mariƙin waya zai sa shi tsatsa, sai a cire ko a kare shi.

Na biyu, garin wanki mai oksijin irin su OxiClean, wanda sinadarin sodiyam fakabonet ne a ciki. In aka narka shi a ruwan ɗumi feroksaid ɗin yake saki, tare da sodar wanki. Ya fi araha nesa ba kusa ba idan randar ƙatuwa ce, irin mai cin galan goma ko ashirin, wadda cika ta da feroksaid zai ci kuɗi. Sai dai ƙarfinsa 'yan sa'o'i ne, kuma sodar tana saura a baya. Ga randa mai lafiyayyen sheƙi ba laifi. Wadda sheƙinta ya tsattsage kuwa, gara ka daure ka sayi na farkon.

Na uku shi ne bilic mai kulorin, kuma shi ya fi yaudara. Kwana ɗaya za ka ga randa ta yi fes, ka ce ka gama. Ashe ya shige ta tsagogin nan ya bar gishirinsa a ciki. Duk sanda ya ji laima ya narke, ya bushe ya sake ƙanƙara, yana tura sheƙin daga ƙasa, bayan watanni sai ka ga farin gari yana tsattsafowa, sheƙin yana ɓarewa. Wannan ɓarna ba ta da gyara. Ga shi kuma in ya haɗu da ruwan khal yana fitar da iska mai guba.

Tsatsa ba ta jin feroksaid, asid ɗin oksalik take tsoro. Bar Keepers Friend, garin da ake yi a Amurka tun 1882, yana ɗauke da shi, amma akwai ɗan gauri a garin, don haka a kan tabon kaɗai za a ɗora, minti ɗaya ko biyu a ɗauraye. In wani maganin tsatsa na ruwa za ka saya, karanta bayan kwalbar: muddin ka ga asid ɗin haidurofulorik, mayar da ita inda ka ɗauko. Gilashi yake ci, sheƙin randarka kuwa gilashi ne, ga shi mugun guba ga fata.

Ɗigon fenti da ragowar gam na tsohuwar takarda asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi, ke ɗauke su, da ɗan auduga a tsinke. Amma a nan akwai tarko. Randuna da yawa an taɓa yi musu gyara, an cike ɓallin baki an shafe da fenti yadda ido ba zai gane ba, asiton kuma ba ya tambaya, duka zai narkar. Ƙwanƙwasa randar da gaɓar yatsa: lafiyayya tana amsawa da amo mai tsawo, mai tsaga ko gyara kuwa sai ka ji ƙif. Ƙaramar tocila mai hasken ultrabayolet ma ta cancanci saye, domin a ɗaki mai duhu sau da yawa wurin gyara yana fitowa da launi daban. In ka tarar da gyara, ko randar mai daraja ce ƙwarai, kai wa ƙwararren mai gyaran kayan tarihi. Masu cewa a sa ta a obin don maiƙon ya tsattsafo ma ban bi su ba. Yana yi wa wasu aiki, amma randa mai ɓoyayyiyar tsaga can take ƙarasawa.

Abu na ƙarshe a jerin sayayyar shi ne tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir. Duk maganin da ka yi amfani da shi, bayan ka gama jiƙa randar a cikin tataccen ruwan kwanaki kana canzawa, sannan ka kife ta a kan 'yan sanduna inda iska ke ratsawa ta bushe a hankali. Kada ka yanke hukunci sai ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙen yumɓu yana duhu, wani tabon kuma yakan sake tasowa daga ciki bayan mako biyu ko uku. In ya taso, sai a koma ga auduga da leda.